Yadda Ake Yi wa Motar da Aka Saukar Farantin Kare Inji da Giya

A motar da aka rage wa tsayi, bamba ce ke fara gogar ƙasa, amma ita fenti kawai take asara. Ɓarna mai tsada tana tsakanin tayoyin gaba, inda botom filet yake, wato kaskon da baƙin mai ke taruwa a gindin inji, da kuma cikin giya a gefensa. Idan kaskon na alminiyam ne, kamar na Golf 4, dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna. Na ƙarfe ba ya saurin tsagewa, lotsawa yake yi, kuma nan ma akwai matsala. Bakin bututun da famfon mai ke zuƙa da shi yana kusa ƙwarai da gindin kaskon, tazarar ba ta cika wuce santimita 1 ba. Lotsawar da ba ta kai kaurin yatsa ba tana iya toshe shi, inji ya yi ta aiki da ƙarancin mai alhali ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Giyar otomatik ma haka take. A Corolla da Mercedes kaskonta siririn ƙarfe ne, kuma filta da na'urar da ke rarraba man giya suna zaune a samansa kai tsaye. A wasu BMW kaskon na roba ne. Tsofaffin Honda Accord kuwa ba su da kasko a ƙasa, jikin giyar ne kansa na alminiyam, idan ya fashe magana ta zama babba.

Bayanin nan ya fi dacewa da mota mai jan gaba wadda injinta ke kwance a gicciye, irin Golf, Corolla da Accord.

Kayan da za ka tanada

- Farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3, ko na alminiyam mai milimita 5 zuwa 6. Faɗin santimita 90 da tsawon 80 yana isar yawancin motocin salun, har a yanke saura. Ana samu a kasuwannin ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.
- Ƙarfe mai kusurwa na milimita 25 da 25, mita 2, da falalen ƙarfe mai faɗin milimita 40 da kaurin 5, mita 1.
- Kusoshi masu zare M10 guda 6 zuwa 8, masu lambar 8.8 a kansu, da notuna masu roba a ciki, da manyan wasa, wato zobban ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin kan kusa.
- Robar tsohuwar taya ko ta bel mai kaurin milimita 3 zuwa 5.
- Babban kwali, maka, almakashi, tef ɗin awo, da ɗan curin laka mai danƙo.
- Giranda da faifan yanka da na gogewa, injin huda, injin walda, sifanoni, da sifanar auna ƙarfin ɗauri idan akwai.
- Jak da turakun ƙarfe biyu na tokare mota, ko ramin gareji.
- Jan fenti mai hana tsatsa da baƙin fenti, tabarau da safar hannu.

Tsakanin ƙarfe da alminiyam, ga lissafin. Faranti mai santimita 80 da 70 na ƙarfen milimita 3 yana da nauyin kusan kilo 13, na alminiyam mai milimita 5 bai kai kilo 8 ba. Amma ƙarfe ya fi sulɓi a kan siminti da dutse, kowane mai walda zai iya gyara shi, kuma rashin kaurinsa ya sa ba ya cin tazara da yawa. A motar da ta riga ta yi ƙasa, ƙarfen ya fi. Kada ka sayi mai zanen ido-ido irin na matakala, zanen yana kama bakin siminti maimakon ya zame. Milimita 2 kuma ya yi laushi, duka ɗaya zai manna shi a jikin kasko.

Mataki na 1: Auna motar da nauyi a cikinta

Ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen siminti, iskar tayoyi daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin fetur, mutum biyu a zaune a gaba. Ka auna daga ƙasa zuwa wurare huɗu: gindin botom filet, notin juye mai, gindin giya, da kurosmemba, wato ƙarfen da ya gitta bayan inji yake riƙe da ƙafafun gaba. Idan tef ba ya shiga, tara 'yan katakai har su taɓa wurin, ka jawo su ka auna.

Motocin salun sukan fito daga kamfani da tazarar santimita 13 zuwa 16, gajerun sifirin kuma su cinye 3 zuwa 4. Shi faranti zai ƙara cinye aƙalla milimita 13, wato kaurinsa 3 da ratar 10 da dole a bari tsakaninsa da kasko. Idan awonka bai kai santimita 10 ba tun kafin faranti, ka fara ƙara wa motar tsayi tukuna. In ba haka ba kowane tudun rage gudu na cikin unguwa sai ya dake ka, duka kuma yana tafiya ne kai tsaye cikin shasi.

Mataki na 2: Gyara abin da ke ƙara sauke inji

Mutane da yawa suna tsallake nan, alhali sau tari rabin matsalar a nan take.

Injin sitin, wato mazaunin da ke riƙe inji a jikin mota, idan robarsa ta mutu yana barin inji ya zauna ƙasa da wurinsa, kuma yana barinsa ya yi tsalle idan an taka totur. Ka haska da tocila, idan robar ta tsage ko mai yana zuba daga cikinta, canza shi kafin ka yi wani awo. Shokabzoba da ta mutu tana barin gaban mota ya nutse bayan an sauko daga tudu, a wannan nutsewar ce kasko ke dukan ƙasa. Gajeren sifirin a kan tsohuwar shokabzoba ta kamfani yana saurin kashe ta. Ka duba har robar da ke kan sandar shokabzoba mai hana ta kaiwa ƙarshe, idan ta ruɓe a sa sabuwa.

Sifirin da aka yanke da giranda ko aka gasa da wuta don ya sauka, a cire shi. Gasawa tana kashe ƙarfinsa, yankakke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa.

Sai taya. Tayar 195/65 R15 gefenta ya kai kusan milimita 127, ta 195/50 R15 kuwa kusan 98 ne. Cire ta farko a sa ta biyu kaɗai ya sauke mota milimita 29. Wani lokaci komawa ga taya mai tsayin gefe yana dawo maka da duk abin da faranti zai ci, muddin ba ta gogar madigadi idan an karya sitiyari gaba ɗaya.

Mataki na 3: Ɗaga motar

Bari inji da salansa su huce. Ja birkin hannu, tokare tayoyin baya, ɗaga gaba, ka dora ta a kan turakun ƙarfe a wuraren da kamfani ya ƙarfafa. Saukakkiyar mota takan hana jak shiga, sai ka fara hawa da tayoyin gaba kan katako mai kaurin santimita 5. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, bulon siminti kuma yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Idan babu turaku, ramin gareji ya fi komai, don a can ma motar tana zaune a kan tayoyinta, awonka zai fi gaskiya.

Cire murfin robar da ke ƙarƙashin inji idan yana nan. Ka bar na gefe-gefe masu kare fambel daga ruwa da yashi.

Mataki na 4: Zaɓi inda za a ɗaure

A nan ake gane aikin kirki. Faranti ba ya hana duka, kai shi yake yi wani wuri, don haka dole wurin ya zama mai iya ɗauka.

Baya za a ɗaure a kurosmemba. Yawanci akwai ramukan da kamfani ya bari, wasu har da zare. Gaba kuma a ƙafafun shasi biyu da suka miƙo gefen inji, ta hanyar sauko da hannuwa biyu na falalen ƙarfe, a haɗa su da ƙarfe mai kusurwa a gicciye, faranti ya zauna a kansa. Wuri huɗu shi ne mafi ƙaranci, shida ya fi.

Wuraren da ba a taɓawa: jikin inji da na giya, domin kana mayar musu da dukan da kake gudu, kuma karkarwar inji za ta shiga mota. Lowa-am, wato hannun ƙarfen da ke haɗa taya da kurosmemba, da duk abin da ke motsi da taya. Siririn ƙarfen da lagireto ke zaune a kai, wanda idan ya lanƙwashe zai tafi da lagireto da kondensar AC. Kada ka huda ko ka ɗaura komai kusa da soket masu launin rawaya, na balan-balan ɗin kariya ne.

Kada a yi waldar faranti a jikin mota. Ranar da za a canza kuloci ko a sauke kasko sai an yanka, ga tiyon fetur a kusa. Idan tilas ta sa za a manna ɗan hannu a kurosmemba, a cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar (−), a maƙala wayar ƙasa ta injin walda dab da inda ake aikin. Manyan kusoshin da ke riƙe kurosmemba da jikin mota kuma kada ka kwance su gaba ɗaya lokaci guda, zai goce, saitin tayoyi ya lalace. A wasu motocin, har da Volkswagen, kusoshin nan sau ɗaya ake ɗaure su, idan an kwance sai sababbi.

Idan ramin da ka samu ba shi da zare kuma hannu ba ya kaiwa bayansa, yi waldar noti a kan ɗan falalen ƙarfe mai tsawon santimita 8, ka zura shi ta wani rami na kusa da waya. Falalen zai tokare bango ya hana notin juyawa.

Mataki na 5: Fitar da samfuri da kwali

Manna 'yan katakai masu kaurin milimita 12 a gindin kasko da na giya da salatif, su ne za su riƙe maka rata. Dora kwali a kansu, ka yanka shi sannu a hankali har ya rufe daga ƙarƙashin lagireto zuwa kurosmemba, daga gefen kasko zuwa gefen giya. Ka sa alamar ramukan ɗauri, notin juye baƙin mai, notin juye man giya, da filtar mai idan ta ƙasa ake cire ta.

Karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka tabbata akwai santimita 2 tsakanin kwali da taya, shaf (sandar da ke juya taya daga giya) da lowa-am. Idan motar a ɗage take, ka tuna ƙafafun a sake suke, wurinsu zai canza idan ta sauka. Tsakanin kwali da salansa a bar santimita 2 da rabi. Farantin ya tsaya kafin katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, kada ya rufe ta.

Mataki na 6: Yanka da lanƙwasa

Zana samfurin a kan ƙarfe, yanka, goge bakin ya daina kaifi, kusurwoyi a kewaye su.

Santimita 12 zuwa 15 na gaba a lanƙwasa shi sama da digiri 20 zuwa 30, bakinsa ya ɓuya a bayan leɓen bamba. Amfaninsa shi ne mota ta hau abin da ta tarar ta zame. Faranti mai miƙaƙƙen baki a gaba yana caka cikin tudu kamar shebur, ya tsayar da mota nan take ko ya naɗe ya koma cikin lagireto. Bakin baya shi ma a ɗan ɗaga shi, saboda ranar da za ka yi ribas daga kan kwalbati.

Gefe biyun a karya su sama milimita 15 zuwa 20 inda wuri ya bari. Wannan karyawar tana ƙara wa faranti ƙarfi fiye da ƙara masa kauri. Sannan a yi waldar ƙarfe mai kusurwa guda biyu daga gaba zuwa baya a saman farantin, ɗaya a ratar da ke tsakanin kasko da giya, ɗaya a gefen kasko. Ba a sa su a ƙasa, kuma ba a sa su daidai ƙarƙashin kasko, domin idan farantin ya lotsa su ne za su huda shi. Waldar a yi ta guntu-guntu, santimita 3 a tsallake 7, ana sauya gefe, da sandar walda ta milimita 2.5. Dogon layi ɗaya yana murɗe faranti.

Inda babu injin lanƙwasa, tsaga layin da giranda zuwa rabin kauri ta cikin lanƙwasar, matse farantin tsakanin ƙarafa biyu, lanƙwasa, sannan ka cike tsagar da walda. Alminiyam ba a yi masa haka. Shi sai an lanƙwasa a kan bututun ƙarfe mai zagaye, karyawa mai kaifi tsaga shi take yi, haƙarƙarinsa kuma da kusa ake ɗaurewa tunda ba kowane mai walda ke da injinsa ba.

Mataki na 7: Ramuka

Ramin juye mai ya zama santimita 6 zuwa 7. Notin yakan fuskanci baya ko gefe, mai kuma da ƙarfi yake fitowa da farko, don haka ka matsar da ramin wajen da notin ya fuskanta, in ba haka ba man zai kwanta a kan faranti ya kama yashi. Ramin filta ya kai santimita 12, a yi masa murfi mai kusoshi uku da ke zaune ta sama ko daidai da fuskar farantin. Babban rami a buɗe ƙofa ce ga dutse.

A wurin da ya fi ƙasa a huda ramuka huɗu na milimita 12 don ruwa ya fita. A inda ba kasko ba giya a sama, a ƙara wasu na milimita 25 don iska. Kasko yana taimakawa wajen sanyaya mai, kuma a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, giyar otomatik a cikin cunkoso ba ta son a rufe ta ruf. Ramukan ɗauri na gaba a ɗan tsawaita su, zai sauƙaƙa mayarwa bayan farantin ya sha duka.

Mataki na 8: Kare kan kusoshi

Kan kusa da ya leƙo ƙasa shi ne zai fara goguwa, wata uku ka tarar sifana ba ta kama shi. Yanko zoben bututun ƙarfe mai faɗin milimita 35 da tsayin 8, ka yi waldarsa kewaye da kowane rami, ka goge gabansa ya yi gangare. Inda akwai wuri a sama, ya fi kyau a lotsa wurin ramin ciki yadda kan kusa zai ɓuya. A shafa jan fenti sau biyu, baƙi sau ɗaya, a bari ya bushe.

Mataki na 9: Ɗaurewa da gwajin laka

Sa curin laka kamar girman goro a wurare huɗu ko biyar a kan farantin, daidai ƙarƙashin kasko, notin mai da giya. Ɗaura, sauke motar a kan tayoyinta, sannan ka kwance ka auna kaurin lakar da aka danne. Ko'ina ya kai milimita 10. Inda bai kai ba, ƙara wasa tsakanin faranti da mazauninsa, ko ka dake wurin ya ɗan yi ciki. Kada ka cusa roba ko soso a ratar, duka zai bi ta cikinsu, kuma suna riƙe ruwa.

Robar da ka tanada a mazaunin ɗauri take shiga, don hana ƙara. Ga mai alminiyam kuma tana raba shi da ƙarfe, domin idan suka haɗu da danshi alminiyam ne ke ciwuwa. Saka duk kusoshi da hannu kafin ka matse ko ɗaya. M10 mai lambar 8.8 ana matse shi wajen Nm 45 zuwa 50 a sifanar auna ƙarfin ɗauri, M8 kuma wajen 25.

Tada inji. A otomatik, taka birki sosai, sa D ka ɗan taɓa totur, sa R ka maimaita, wani yana saurare daga gefen mota, kada ya tsaya gaba ko baya. A mai kuloci, ja birkin hannu ka ɗan saki kuloci a giya ɗaya da ribas. Ƙarar ƙarfe ko karkarwa a sitiyari na nufin inji yana taɓa faranti. Bayan kilomita 100 a sake matse kusoshi. A kowane juyen mai a leƙa saman farantin, a kwashe yashi da busasshiyar ciyawa, musamman da kaka da hunturu, domin ciyawa kusa da salansa wuta ce. Faranti yana kuma ɓoye yoyon mai, don haka ka riƙa duba sandar awon mai duk mako.

Idan farantin bai samu ba tukuna

Mai shokabzoba da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke, ya ɗaga gaba santimita 1 zuwa 2, ya je a sake saitin tayoyi. Mai Golf 4 zai iya neman kasko mai gindin ƙarfe a madadin na alminiyam zalla. Wasu suna sa wasa a ƙarƙashin injin sitin su ɗaga inji kaɗan. Yana aiki, amma kada ya wuce milimita 10, don yana canza kwanciyar shaf, yana ja wa salansa, kuma inji na iya taɓa bonet.

Tuƙi ma yana da nasa rabo, ko da faranti. Ka gama taka birki kafin tudu, ka sake shi dab da hawa, domin birki yana dannar da gaban mota ƙasa. Hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, idan hanya ta ba da dama. A hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari biyu, dora tayoyinka a kan tudun tsakiya da gefe. Da damina kada ka shiga ruwan da ba ka ga wata mota ta ratsa ba, rami da dutse duk a ƙarƙashinsa suke.

Idan ka ji duka mai ƙarfi

Tsaya, kashe inji, leƙa. Baƙi ko ruwan ƙasa man inji ne, ja yawanci man giya ne. Idan jar fitilar mai ta kama a dashbod, kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gareji, inji ba ya jure aiki babu mai. Idan ba yoyo amma farantin ya lotsa har ya taɓa kasko, a kwance shi a miƙe kafin a ci gaba da tafiya mai nisa. Ƙaramar tsaga a kasko ana iya toshe ta na wucin gadi: a juye man, a wanke wurin da fetur, a goge da sanfefa, a shafa gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu, a bari ya ƙame sosai kafin a zuba mai. Wannan na kai mota gareji ne kawai. Otomatik mai jan gaba da man giyarta ya zube kuma ba a jan ta da igiya, a ɗaga tayoyin gaba ko a dora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka.